Sanda Ba Ta Hawa Rufi

An yi wani mutum a nan Gaya, ba zan kama sunansa ba, aikinsa duba gida kafin a saya. Ya kafa tsani, ya shiga tsakanin kwano da plafon, wato silin, ya ga abin da magina suka rufe. Kun san zafin garinmu. Don a rage shi, wasu na shimfiɗa zana da karan shinkafa a can sama, wayoyin kuran, wato lantarki, kuma ta nan suke bi. In ɓera ya ci fatar waya, sai wanda ya rarrafa ciki ne zai gani.

Da fari yana hawa. Da suna ya zo, shadda ta zo, sai ya fara ƙyamar ƙura da kashin jemage. Ya sami sanda. Ya ƙwanƙwasa plafon daga ƙasa, ya kasa kunne kamar mai sayen kankana, ya ce, “Wallahi na duba, lafiya lau.”

Ya 'yan uwa, sanda tana da ido ne?

Wata rana ƙanensa Yazidu, direban babbar mota, ya zo da murna. Ya saya wa mahaifiyarsu Inna Halima gida, don ta baro ɗakin laka na garin Bana, ga ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

“Yaya, an ce bara kai ka duba shi, shi ya sa ban dame ka ba. Ka dai hau sama ko?”

Mutumin ya tuna gidan. Ya tuna farar shaddar da ke jikinsa ranar. Amma Yazidu na masa kallon nan na tun suna yara, kallon wanda bai taɓa zaton yayansa zai yi ƙarya ba.

“Kai, ni za ka tambaya? Na hau.”

Ya ce a ransa gobe zai zo da tsani. Goben ba ta zo ba, don in an gan shi da tsani, me zai ce?

Inna ta tare. Ta ɗaga kai ta ce, “Ɗakin nan da sanyi. Allah ya yi muku albarka.”

Ran wata Juma'a cikin bazara, maza duk suna masallaci, waya ta yi tartsatsi cikin busasshen kara. Daga sama wutar ta sauko. Tsohuwa na kwance, ba ƙafar gudu.

A maƙabarta Yazidu bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, “Yaya, ka hau?”

Har yau bai amsa ba. Kuna ganinsa bakin kasuwa, tsani a kafaɗa, riga duk ƙura, yana roƙon a bar shi ya hau rufin mutane. Ba mai buɗe masa ƙofa.

Ya 'yan uwa, duk wanda ya ce “na gani” bai gani ba, shaidar zur ya yi, ko a kotu ko a ƙarƙashin rufi. Kunyar faɗin “ban hau ba” ita ta raba shi da uwarsa.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwa kan abin da idonmu bai gani ba. Amin.