Akwai Kaya a Ciki

Akwai wani direba a garin Wurno ana ce masa Ɗahiru. Wani dillalin motoci a Sakkwato yake yi wa aiki. Babbar a-kori-kura yake tuƙawa, irin mai ƙarfin nan mai tayoyi biyu-biyu a baya, tana jan wata rufaffiyar tirela, dogon akwatin ƙarfe fari ƙal, babu ko taga. A cikinta ake saka sabuwar mota a kai wa mai ita har ƙofar gida, rana ba ta taɓa ta ba, ido bai gan ta ba.

Aikin kam ya iya shi, wannan ba a ƙwace masa. Kafin ya tashi sai ya duba ƙugiya, ya ja sarƙa, ya gwada birkin tirelar. Matsalar Ɗahiru ita ce tun da aka damƙa masa wannan akwati ya fara ganin kansa kamar shi ne mai motocin da ke ciki. Tafiyarsa ma ta canza.

A hanyar Goronyo zuwa Achida akwai abin da kowane direba ya sani: mota ba ta komawa wayam. In ka sauke kaya, ka ga tsohuwa a bakin titi ko manomi da buhun albasa, ka tsaya ka rage musu hanya. Ɗahiru shi kaɗai ya samo wa kansa mafita. Tunda ba mai ganin cikin akwatin, duk wanda ya ɗaga masa hannu sai ya sauke gilas kaɗan ya ce, "Akwai kaya a ciki." Ko akwai, ko babu.

Har daɗin faɗin hakan yake ji.

Ɗahiru yana da yaya mace, Zinariya, wadda ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, Auta take ce masa. Tana zaune a wani ɗan ƙauye can wajen Shinaka. Mijinta ya rasu, ya bar ta da tsohuwarsa Kulu wadda ƙafa ta daina ɗauka.

A rumbun Zinariya akwai geron bana gaba ɗaya. A samansa kuma akwai wasu dammuna da ta ware, irin geron mahaifinsu ne. Gero ne mai doguwar zangarniya, mai nuna da wuri ko ruwa ya yi gardama. Tsohon ya gada a wurin nasa uban, kuma da zai rasu ita ya bar wa, don Ɗahiru tun yana saurayi ya ce shi ya fi ƙarfin fartanya. Duk kaka sai ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau ta ɗaure. A duk dangin, a hannunta kaɗai irin ya rage.

Da kakar nan sai 'yan bindiga suka aiko wa ƙauyen da saƙo cewa suna nan tafe. Mutane suka fara tattara abin da za su iya suna fita. Maza masu ƙarfi sun riga sun kora dabbobi sun yi gaba. Rumbu kuwa ta sama ake shigarsa, sai an sami namiji ya ɗaga jinkar ya miƙo dammunan.

Zinariya ta ji labarin Ɗahiru zai kai mota Goronyo ranar Laraba. Ta kira shi a waya ta roƙe shi ya biyo ya ɗaukar mata hatsin, ya ce mata to, za a gani.

Ranar ya sauke motar, ya sha lemo a gidan Alhajin da ya saya, ya kamo hanya da akwatinsa fayau. A mahaɗar da ke shiga ƙauyensu ya hango ta tsaye cikin rana, ta yafa tsohon mayafi. Ita kam dole ya tsaya.

"Auta, Allah ya kawo ka," in ji ta, tana murmushi. "Mu shiga ka ɗaga min jinka. Hatsin dut bai cika rabin akwatin ga ba. In ma ba ya yiwuwa, irin Baba kaɗai ya ishe ni."

Ɗahiru ya dubi hanyar ƙauyen. Burji ce, motar za ta shiga lafiya lau, ya sani. Amma sai ya tuna shimfiɗar robar da ke ƙasan tirelar, wadda ya wanke da safe. Ya tuna ƙaiƙayi da ƙura. Ya tuna lungunan ƙauye, yadda zai sha wahalar juyawa, ƙaya ta karce masa farin fenti. Sannan ya hango kansa yana shiga Wurno da dammunan gero kamar ɗan ƙwadago.

Bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Yaya, akwai kaya a ciki. Alhajin ya ce ba kalar da yake so ba ta, an maido ta. In wani abu ya taɓa ta, aikina ya tahi."

Fuskarta ta faɗi, amma nan take ta gyara ta.

"A'a, to kar ka soma. Aikinka shi na gaba. Tahi abinka, Auta. Yau maƙwabcinmu Lauwali zai hidda mu da Inna Kulu a amalankensa, gobe in Allah ya kai mu sai mu komo mu ɗauki hatsin."

Har addu'a ta yi masa, ta ce Allah ya tsare hanya. Ya ja mota yana kallonta a madubi tana ƙanƙancewa. Sai ya ƙara sautin rediyo.

Bai yi nisa ba ya tarar da shingen jami'an tsaro, layin motoci ya miƙe. Saboda halin da ake ciki komai bincikawa ake yi. Da suka ga rufaffen akwati sai suka ce ya fita gefe ya jira shugabansu. Ɗahiru ya nuna takardu, ya ambaci sunan maigidansa, ya kumbura ya sace. Ba wanda ya kula shi.

Yana nan zaune har rana ta karkata. Sai ga mutanen ƙauyen sun fara isowa, wasu a ƙafa, wasu a kan jakuna, mata da tukwane a ka. A cikinsu akwai amalanken Lauwali, tsohuwa Kulu na kwance a kai, Zinariya na biye da ƙullin tabarma da kwanuka.

Daidai lokacin shugaban ya iso ya ce, "Direba, buɗe."

Zinariya ta ajiye kayanta ta taho da sauri, ta durƙusa a gaban jami'in.

"Ranka shi daɗe, ƙanena na. Ba mugun abu a ciki, motar mutane ta. Don Allah ku yi a hankali kar a karce ta, aikinsa ya dogara da ita. Ni shaida ta, ko hatsinmu bai iya ɗauka ba saboda ita."

"Mama, tashi," in ji jami'in. "Dubawa kawai za mu yi."

Ɗahiru ya tsaya da makulli a hannu. Ya so ƙasa ta tsage. Ya buɗe kwaɗon, ya sauke ƙofar.

Babu komai. Shimfiɗar roba ce tana ƙyalli, sai igiyoyin ɗaure mota a naɗe a gefe. Wurin da zai ɗauke hatsinta, da na maƙwabta, da tsohuwar da ke kwance a rana.

Lauwali ya leƙa, ya girgiza kai, ya koma wajen shanunsa. Wata mata ta ce, "Ashe haka akwatin yake."

Zinariya ta daɗe tana kallon cikin tirelar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Yaya, mu koma yanzu," ya ce. "Wallahi yanzu zan ɗebo shi dut."

Jami'in ya ce ba mai komawa ta wannan hanya yau, an rufe ta sai da safe.

"To ku shigo in kai ku Wurno. Ki kawo Inna Kulu gaba."

Zinariya ta sunkuya ta ɗauki ƙullinta ta aza a ka.

"Bar shi," ta ce. "Kar mu ɓata maka shimfiɗa."

Washegari da sassafe, ana buɗe hanya, Ɗahiru ne na farkon shiga. Ya kutsa da tirelar cikin lungunan da ya ƙi jiya, ƙaya na karce fentin, ko a jikinsa. Tun daga nesa ya ji ƙauri. 'Yan bindigar sun zo bayan mutane sun fita, sun kwashi abin da za su kwasa, sauran suka cinna masa wuta. Rumbun Zinariya ya zama baƙin da'ira a ƙasa, yana hayaƙi. Ya durƙusa yana tona tokar da hannu ko zai sami zangarniya ɗaya da ta tsira. Abin da ya samu yana taɓawa yake rugujewa.

A nan ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne mahaifinsu.

Ranar kasuwar Achida ya cika tirelar da buhunan gero, ƙaiƙayi ya bi ko'ina, bai damu ba. Ya kai ƙofar gidan dangin mijinta a Wurno, inda ta sauka, don ta ƙi zuwa gidansa. Ta fito ta duba, ta sa aka kira sauran waɗanda suka yi gudun hijira tare, ta ce a raba musu. Kowa ya ɗauka yana godiya.

"Ke ba ki ɗiba ba, Yaya?"

Ta sa hannu a buhu ɗaya, ta ɗebo, ta murza ƙwayoyin a tafinta, ta mayar.

"Wanga na ci na. Allah shi saka. Amma mi zan shuka in ruwa ya sauka? Irin Baba a kasuwa aka sai da shi?"



"Ba wutar ta ci min rai ba," ta ce a hankali. "Su waɗancan ba su san ni ba. Kai kuwa a bayana ka yi wayo. Na durƙusa gaban mutane ina yi maka shaida."

Ta gyara mayafinta ta juya. A bakin zaure ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Sauka lahiya, Malam Ɗahiru."

Yanzu duk wanda ya ɗaga masa hannu a hanyar Goronyo yana tsayawa, har buɗe akwatin yake yi tun ba a tambaya ba. Zinariya na amsa gaisuwarsa, ranar Sallah tana aika wa iyalinsa tuwo. Amma geron mahaifinsu ya ƙare a duniya, kuma tun daga ranar bai sake jin wani ya kira shi Auta ba.

Darasi: Idan Allah ya ba ka wurin da za ka ɗauki nauyin wani, kada ka rufe ƙofa ka ce a cike yake. Ƙaryar da ka saba yi wa baƙi, wata rana naka za ka yi wa, kuma akwai abin da in ya salwanta ba a sayo shi a kasuwa. Ku tura wannan ga 'yan uwa da abokai, musamman masu abin hawa, ko wani zai taka birki tun yana da sauran dama.