Matar da Ta Goge Fuskar Sarki

Akwai wata mata, gwauruwa, mai noman gyaɗa a wani ƙauye da ke gindin dutse. Abu ɗaya ne ta gada a duniya, wani tsohon kuɗin azurfa irin wanda mutanen dā suke kira liyari. Kakarta ce ta bar wa mahaifiyarta, mahaifiyarta kuma ta bar mata, a ƙulle cikin tsumma. Shekaru sun rina shi har ya yi baƙi, amma in ta karkata shi wajen haske takan ga fuskar wani sarki na ƙasa mai nisa, da silin gashinsa ɗaya-ɗaya, da rubutu kewaye da shi wanda ba mai iya karantawa a ƙauyen.

In rana ta take, ta gaji da noma, takan zauna a inuwar ɗorawa, ta kwance tsumman, ta ƙura wa fuskar nan ido. Sai hankalinta ya tafi. Takan ga ayarin raƙuma yana ratsa rairayi, da kasuwannin da ba ta taɓa takawa ba, da hannuwa iri-iri da suka riƙe kuɗin kafin ya iso nata. Daga can tunaninta yakan sauko a hankali zuwa wata 'yar fadama a bakin rafi, wadda mai ita yake so ya sayar. Gonarta duk tsakuwa ce, ta kuwa gaji. A zuci ta riga ta shuka fadamar nan, albasa a nan, rake a can, da itacen lemo da jikokinta za su riƙa hawa. Har ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa takan ji.

Ana nan sai ta ji labarin wani dattijo a gari, maƙerin fari, wanda ya san azurfa kamar yunwar cikinsa. Masu neman kayan dā sukan je wurinsa, ya rarrabe musu na gaske da jabu, ya kuma faɗi darajar kowanne. Ta ƙudura za ta kai masa nata, ta ji ko darajarsa za ta saya mata fadamar. Amma da ta sake dubansa sai kunya ta kama ta. Ta ce a ranta, ina ita ina kai wa babban mutum abu mai dauɗa haka? Yana gani zai ce dalma ce.

Sai ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta yi ta gogawa. Baƙin ya ragu, amma ya maƙale a cikin gashin sarkin da tsakanin haruffa. Ta gangara rafi ta ɗebo yashi. Kwana da kwanaki tana gurzawa, hannu yana aiki, zuciya tana can fadama, har kuɗin ya yi fari fat, yana walƙiya kamar rana a kan ruwa.

Ranar kasuwa ta isa maƙera, ta durƙusa ta gaishe da dattijon, ta miƙa masa. Ya ɗora kuɗin a ma'auni, ya gyaɗa kai. Ya aza shi a kan yatsa, ya ɗan ƙwanƙwasa da siririn ƙarfe. Wata ƙara mai zaƙi ta tashi, ta daɗe tana yawo a cikin rumfar kafin ta ɓace. Matar ta lumshe ido. Ya ce mata azurfa ce ta gaske, babu gauraye.

Sa'an nan ya fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ya juya gaba, ya juya baya. Sai ya tambaye ta, wa ya goge shi? Ta amsa da murmushi cewa ita ce da hannunta.

Dattijon ya ce, "'Yata, da ma kin kawo mini shi da baƙinsa. Baƙin nan shi ne shaidar tsufansa. Masu saye fuskar sarkin suke nema, da gashinsa, da rubutunsa. Duba, yashi ya cinye su."

Ta karɓa ta duba. Inda fuskar take dā, sai inuwa kawai da ƙarce-ƙarce. Ta ce, "Baba, kunya na ji in kawo maka shi da dauɗa."

Ya ce, "Dauɗar ai aikina ce. Ni na san wadda ake cirewa, na san wadda ake bari."

Ya gaya mata gaskiya, yanzu darajarsa ta nauyin azurfarsa ce kaɗai, ba za ta kai ga fadama ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, bai kuwa hana ta ba. Da ta yi shiru ya ce ba a yar da azurfa, in ta yarda ta bar masa, zai sa a wuta ya ƙera wani abu. Ta daɗe tana juya kuɗin a tafinta, sa'an nan ta bar masa. Da kasuwa ta zagayo, ya ba ta siririn awarwaro. Wani ne ya sayi fadamar. Ita kuwa ta koma gonarta mai tsakuwa, awarwaron yana hannunta har tsufanta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kuɗin nan ranka ne da raina, Allah kuwa ya buga kamanninsa a kanmu. Dattijon yana nuna mana Ubangiji Yesu, wanda ya san na gaske da jabu. Yashin shi ne dabarar da muke yi don mu gyara kanmu kafin mu zo gabansa. Wani ya daina zuwa sujada, yana cewa sai ya rabu da giya tukuna. Wata tana zuwa kowace Lahadi da fara'a, gidanta kuwa yana ci da wuta, ba ta faɗa wa kowa ba, ko a addu'a. Muna ta ƙyalli a idon mutane, fuskar Sarki kuwa tana shuɗewa.

In ka riga ka gurje kanka, kada ka fid da zuciya. Akwai asarar da ba ta dawowa, wutar ƙira kuma da zafi, amma Ubangiji ba ya yar da abin da yake nasa. In kuwa har yanzu kana bakin rafi da yashi a hannu, zubar da shi. Tashi ka zo yau, da baƙinka.