Lauyan da Unguwa Ta Juya wa Baya

Akwai wani lauya a Gwammaja mai suna Barista Lawal Nata'ala. Ya yi suna a kotu, manyan 'yan kasuwa har layi suke yi a ofishinsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma tana aure a Sakkwato.

A shekarun da bama-bamai suka addabi Kano, duk inda abu ya tashi sai a kwashe matasan wurin. Wata rana wata tsohuwa, Kulu, ta zo daga ƙauye ta durƙusa a zaurensa. An kama ɗanta Gambo, ɗan dako, don kawai an same shi da kurarsa kusa da inda bam ya tashi. Duk lauyan da ta je wurinsa sai ya ce ba ruwansa.

Barista ya karɓi shari'ar kyauta.

Kafin wani lokaci magana ta zaga cewa lauyan 'yan ta'adda ne. Masu ba shi aiki suka janye. A masallaci, na kusa da shi a sahu yakan sallame ya tashi ba musafaha. Majalisar ƙofar gidansa ta watse. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma ya zauna shi kaɗai, yana kallon masu wucewa suna kau da kai, har a kira magariba.

Amininsa Alhaji Sabo ya zo ya roƙe shi ya rufa wa kansa asiri, ya saki shari'ar.

"Alhaji, in na sake ta, wa zai tsaya wa Gambo?" in ji Barista.

Sabo bai ƙara taka gidan ba.

Aka yi ta ɗage zama, har dai alƙali ya sallami Gambo saboda babu hujja. Duk da haka ba maƙwabcin da ya zo ya ba Barista haƙuri. Gambo kaɗai ke leƙowa gaisuwa idan ya tashi daga kasuwa.

Wata ranar Laraba ya yi ta sallama, shiru. Da ya kutsa ciki sai ya tarar da Barista yashe a tsakar gida, hawan jini ya kayar da shi. Mota ba ta shiga lungun, babura kuma an hana su haya. Gambo ya goya shi ya nufi titi, maƙwabta na tsaye suna kallo.

Da ƙyar Barista ya ce ya sauke shi, kada ganinsu tare ya sake jawo wa Gambo zargi.

"Su gani, Baba," in ji Gambo. "Ranar da kowa ke gudun a gan shi da ni, kai ka tsaya kusa da ni a gaban alƙali."

Barista ya rayu, sai dai bai ƙara tsayawa a kotu ba. Gambo ne ya yi jinyarsa.

Darasi: Tsayawa kan gaskiya na iya raba ka da jama'a, amma Allah ba ya barin wanda ya tsaya wa mai rauni. Ku tura wa wani wannan labari, wataƙila yau shi ma shi kaɗai yake tsaye.