Wanda Ya Share Fili

Akwai wani mutum da ya yi shekara ashirin da shida yana koyar da ƙwallon kwando a wata kwalejin horon malamai. Da safe yana aji yana koyar da lissafi, da la'asar kuma yana fili da usur a wuya. Ɗalibai suna kiransa Baba Koci.

Filin nasu na siminti ne, a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Kullum ganye da 'ya'yan itacen suna zuba a kai, awakin ma'aikata kuma su ƙara nasu. Wanda ya taka da gudu sai ya zame. Saboda haka tun shekararsa ta fari mutumin nan ya kafa doka, kafin a taɓa ƙwallo sai an ɗauki tsintsiya. Ya kuma ɗora alkawari a kan dokar. Ya ce duk wanda ya share fili cikin mako zai taka fili ranar wasa, ko da na minti biyu ne, ko ya iya ko bai iya ba. Shi yakan fara sharar da kansa, sa'an nan su yi addu'a a tsaye, su soma.

Shugaban kwalejin ba ya son alkawarin nan, gama ya sha jawo musu faɗuwa. Duk shekarun nan kofin jiha bai taɓa shiga ofishinsa ba.

Wata shekara Allah ya ba mutumin nan 'yan wasa na kirki. A cikinsu akwai Zakka, wani dogo wanda in ya miƙa hannu sai ka ce zai ajiye ƙwallo a kwando ne kawai. Akwai kuma Habila, gajere kakkaura, wanda ƙwallo ba ta zama a hannunsa, kamar ya shafa man gyaɗa. Amma shekara uku Habila bai fasa shara ba ko rana ɗaya.

Zakka yakan tsokane shi, ya ce, "Habila, kai da tsintsiya aka ɗaura muku aure. Ka bar mana ƙwallo mana."

Habila ya ce, "Ba don matar nan tawa ba, da tuni ka auna tsawon filin nan da bayanka."

Suka yi ta cin wasa har suka kai wasan ƙarshe. Ana gobe wasa, shugaban ya kira kocin, ya ce, "Malam, mun daɗe muna jira. Gobe ka bar zancen shararka a gida. In kofin nan ya wuce mu saboda ita, akwai sabon malami da ya karanci wasanni, shi zai karɓi usur."

Kocin ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji."

Da gari ya waye ya zauna ya tasa kofin koko a gaba, bai sha ba. Matarsa ta ce, "Baban Kyauta, kokonka ya huce."

Ya ce, "Maman Kyauta, in aka karɓe usur ɗin nan, me zan riƙa yi da la'asar?"

Ta ce, "Sai ka zo ka taya ni tsintar wake. Amma ka yi wa yaron alkawari ko ba ka yi ba?"

Ya ce, "Na yi."

Ta ce, "To, me kake tambayata?"

Wasan ya yi zafi. Kocin ya sa kowa ya taɓa wasa, saura Habila. Yana ta ce wa kansa, bari mu ba su rata tukuna. Ratar ba ta samu ba. Da ya rage minti biyu, suna gaba da maki ɗaya tak. Ya dubi inda shugaban yake zaune. Ya dubi benci, ya ga Habila ya sunkuyar da kai, yana ɓuya a bayan abokansa don kada ya ba Baba wahalar ganinsa. Wannan ɓuyar ce ta soki zuciyarsa.

Ya ce, "Habila, tashi."

Habila ya ce, "Baba, na yafe. Ka bar ni yau."

Ya ce, "Kai ka yafe, ni ban yafe wa bakina ba. Shiga."

Habila ya shiga. Ya yi gudu, ya tare iya ƙarfinsa. Saura kaɗan a tashi, abokan hamayya suka rufe Zakka su biyu, bai ga kowa a sake ba sai Habila, ya jefa masa. Ƙwallo ta sulluɓe daga hannun Habila. Wani daga cikin abokan hamayya ya sure ta, ya ruga ya zura. Alƙalin wasa ya hura usur.

Habila ya durƙusa a tsakiyar fili yana kuka, yana cewa, "Baba, na kashe ka."

Mutumin nan ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa gwiwa, ya ce, "Ka kashe ni, ga ni a tsaye? Ni na sa ka, kuma ko gobe ne zan sa ka. Litinin ƙarfe huɗu, kada ka makara."

Ranar Litinin aka karɓi usur. Da ƙarfe huɗu ya ɗauki tsintsiyarsa ya tafi fili, ya tarar Habila ya riga shi, Zakka kuma na biye. Sabon koci bai riƙe alkawarin ba, amma bai iya hana tsoho shara ba. Haka ya yi ta zuwa shekara goma sha ɗaya, har ƙafafunsa suka ƙi.

Da ya rasu, ranar da za a kai shi, matarsa ta ji ƙarar tsintsiya a ƙofar gida da sassafe. Ta leƙa, sai ga tsofaffin ɗalibansa, magidanta sun fi arba'in, wasu da furfura, sun sunkuya suna share hanya daga gidan har zuwa majami'a. A gabansu akwai wani gajere kakkaura, wanda yanzu shugaban makaranta ne. Ya gaishe ta, ya ce, "Mama, a makarantata ma haka muke yi. Wanda ya share, shi zai shiga."

Yara, mutumin nan mijina ne, Malam Yunana. Yau wata uku ke nan da muka binne shi. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, har yanzu ma ban gane yadda ake ƙirga makin wasan ba. Amma ga ma'anar misalin kamar yadda na gane shi.

Filin shi ne aikin Ubangiji. Tsintsiya ita ce ƙananan ayyukan da ba wanda yake tafa wa, kamar ɗebo wa kakarka ruwa, ko faɗin gaskiya sa'ad da ƙarya ta fi sauƙi. Habila kuwa mu ne, ni da ku, masu hannun da abu ke sulluɓewa. Allah ya san hannunmu sarai, duk da haka yakan kira mu da suna, ya ce mu shiga. Bai kira mu don mun iya ba, sai don ya yi alkawari, kuma ba ya janye maganarsa ko da za ta ci masa abu mai tsada. Mijina usur ya rasa. Ubangijinmu ransa ya bayar.

Saboda haka in kun yi wa wani alkawari, ku cika, ko da ranar cikawar ta zo da asara. In kuma ku ne kuka yar da ƙwallo, kada ku ɓuya a bayan benci. Ku tashi ku koma ranar Litinin.

Tsintsiyarsa tana nan a bayan ƙofar ajin nan, ni na kawo ta da safe. Bayan mun yi addu'a, zan ga wanda zai riga ni ɗauka.