Makahon da Ya Gyara Jif ɗin Jibrin

Akwai wani direba a Talata Mafara, sunansa Jibrin, mai wata tsohuwar jif da ta girmi ɗansa na fari. Mota ce mai ƙashi. Inda ƙananan motoci ke kafewa a laka da damina, ita wucewa take ko a jikinta.

Sai ta tsiro da wani hali. Da safe ta tashi lafiya lau. Da injin ya ɗauki zafi sai ta mutu tsit, ko tari babu. A zauna rabin awa ta huce, a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

Jibrin ya sake filogi, ya sake famfon mai, ya sake kwayil. Kowane bakanike da tasa faɗar. Ƙarshe ya koma yawo da jarkar ruwa yana kwara wa injin, wai don ta yi saurin hucewa.

Cikin gari wannan abin dariya ne. A hanyar da zai bi kuwa, ba dariya.

Mahaifiyarsa, Inna Habiba, tana wani ƙauye gaba da Gidan Goga, ita da jikoki huɗu, 'ya'yan ƙanensa da 'yan bindiga suka kashe a gona bara. Shekara guda yana lallashinta ta dawo gari, tana ƙi. Ranar nan sai ga saƙo: ta yarda, ya zo ya kwashe su.

Motoci ba sa shiga yankin ɗai-ɗai, sai a ayari ranar kasuwa, da rakiyar jami'an tsaro. Kasuwar kuwa gobe ce. Kuma kowa ya sani, ayarin ba ya tsayawa jiran wanda motarsa ta mutu a daji.

Tun da hantsi ya kai ta garejin Maikuɗi, wanda ke da kwamfutar duba mota. Maikuɗi ya jona, ya duba, ya sosa ƙeya.

"Sensar karanshaf ce," in ji shi. "Wata 'yar aba kamar ɗan yatsa. Ita ka gaya ma injin lokacin ba da wuta. In ta ji zafi sai ta ɗauke."

"To a sake ta mana!"

"Ka san inda anka ɓoye ta? Can bayan injin, bisa giyabos, manne da jikin mota. Ko tocila ba ta haska wurin. Sai mun sauke giyabos. Kwana biyu, in Allah ya so."

Jibrin ya ce, "Maikuɗi, gobe da sassafe ayari ka tashi."

"Wallahi ko kai ne uwata, kwana biyu ne."

A gindin darbejiyar garejin akwai wani tsoho zaune a benci, Baba Falalu. Shi ya kafa garejin, shi ya koya wa Maikuɗi riƙon sifana. Ciwon ido ya cinye ganinsa shekara shida da suka wuce. Tun daga nan kullum yana nan zaune, a gaishe shi a wuce.

"Ba sai an sauke komai ba," in ji tsohon. "Ku kawo mani ita nan inuwa."

Jibrin dama zuciyarsa a wuya take. Bai ko juya ba ya ce, "Haba Baba! Masu ido ma ba su gan ta ba. Ka bari masu aiki su yi magana."

Maganar banza ce, kuma kowa ya ji ta.

Baba Falalu bai ɗaga murya ba. "Ai shi ya sa, ɗana. Wurin da ido bai kaiwa, ni da ku duk makafi muke. Sai dai ni na riga ku sabawa."

Jibrin ya figi makullinsa. A ransa ya yanke zai tafi da ita haka nan, ya cika jarka biyu maimakon ɗaya. Bai kai tasha ba ta mutu a tsakiyar titi, masu babur suna zaginsa suna wucewa. Ya zauna a ciki gumi na zuba. Ya hango kansa gobe a bakin daji, ayari ya yi gaba, shi da tsohuwa da yara huɗu suna jiran ƙarfe ya huce.

Da ta tashi, ya juyo da ita gareji. Ya tsaya gaban benci kansa a ƙasa.

"Na ji ƙararta tun daga kwana," in ji Baba. "Jeka shagon Monday mai kayan mota ka ce ya ba ka sensa ta Beljiyam, tsohuwa ta asali, kada ya ba ka mai ƙyalli cikin kwali. Kafin ka komo ta huce."

Da ya dawo ya tarar an ɗaga motar. Baba ya sa Maikuɗi ya tokare giyabos da jak, ya sassauta ƙarfen da ke ɗauke da shi, gindinsa ya ɗan sauko kamar faɗin yatsu uku. Aka harhaɗa sandunan soket har suka fi kamu biyu tsawo.

Tsohon ya tuɓe riga, ya kwanta rub da ciki a kan injin, ya zura hannu har kafaɗa. Ya nemi tsumma, ya cusa shi can ciki. Sannan ya ce, "Jibrin, kai za ka shiga ƙasa. Motarka ce. Noti biyu ka riƙe da sensar; ka turo sandar, ni in aza bakinta bisa noti. In na ce murɗa, ka murɗa. In na ce tsaya, ka tsaya."

Jibrin ya kwanta a ƙasa, ƙasa na zubo masa a ido. Bai ganin komai sai duhu. Muryar tsohon kawai yake bi.

"Dama kaɗan. Kai, damarka, ba tawa ba! Yawwa. Murɗa."

Noti na farko ya ci kusan awa guda. Tsatsa ta riƙe shi. A zuba mai, a jira, a murɗa kaɗan, a sake jira. Aka kira azahar, suka yi, suka dawo.

Na biyu ya fara sakin jiki. Jibrin ya ga rana tana tafiya, sai ya ƙara sauri.

"Tsaya!"

Bai tsaya ba. Ya ji sandar ta yi sako-sako a hannunsa, notin ya kuɓuce. Maikuɗi ya dafe kai. "Inna lillahi! In ya faɗa cikin giyabos, sauke shi ya zama dole."

Jibrin ya rufe ido a ƙarƙashin motar. Shi da hannunsa ya jawo.

Can sai ga hannun Baba ya fito, duk ya kuje yana jini, da noti tsakanin yatsu biyu. "Bisa tsumma ya faɗa. Ramin giyabos ɗin na toshe da shi tun farko. Na san da mai gaggawa nike aiki."

Aka fashe da dariya, har Jibrin da ke son yin kuka.

Kafin la'asar sabuwar sensa ta zauna. Jibrin ya murza, ta tashi. Zai fara godiya Baba ya katse shi. "Da sanyi ai kullum tana tashi. Kai ta Bakura ka komo, kada ka kashe ta. In ta yi zafi ba ta mutu ba, sannan mu yi magana."

Ya kai ta, ya dawo. Ba ta mutu ba.

Washegari ya bi ayari. Ya loda Inna da yara da buhun gero biyu da tukwanenta, don ta rantse ba ta barinsu. A dawowa, rana ta take, injin ya yi awa uku yana aiki. Daidai wani kwazazzabo motar gaba ta kunna fitilu ta taka wuta. Jibrin ya waiga, ya hango babura a gindin itatuwa, sun fi goma.

"Ku duƙa!" ya ce wa yaran.

Ya taka. Idonsa ɗaya a hanya, ɗaya a kan allurar zafi. Irin wannan lokacin ne take mutuwa. Inna tana ta "Hasbunallahu" a bayansa. Jif ta faɗa laka, ta yi gurnani, ta fito, ta bi ayari. Ba su sassauta ba sai da suka hango Maradun.

Da suka shigo Mafara ya ba Inna labarin jiya, bai ɓoye abin da ya faɗa wa tsohon ba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ka faɗi haka? Ga sa'an ubanka? Juya. Ba ni sauka gidanka sai na ga mutumen nan."

A gareji ta durƙusa nesa kaɗan da benci, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta yi masa addu'a. Jibrin ya tsuguna gaban kowa, a wurin da ya yi rashin kunyar.

"Baba, ka yafe mani. Bakina ya yi kaifi."

"Wanga ya wuce tun jiya. Ta mutu?"

"Ko tari ba ta yi ba."

"Alhamdu lillahi. Ɗiyan nawa ne?"

"Huɗu."

"Ku matso in ji ku."

Yaran suka matso a tsorace. Tsohon ya miƙa hannun nan da ya kuje, ɗaure da ƙyalle, ya dafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa a hankali. Da ya kai ta huɗu, wata 'yar yarinya, ya bar hannunsa a kanta, ya ce, "Sun cika."

Darasi: Kada ka auna mutum da abin da ya rasa, ka tambayi abin da ya sani. Tsohon da kuke gaisarwa a tsaye kuna wucewa, wata rana ranku na hannunsa. In kuma bakinka ya yi ɓarna a gaban mutane, a gaban mutane za ka gyara, ba a lungu ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin baki, ku kuma sa mutanen ƙauyukanmu a addu'a.