Rufin Gwamnati, Bangon Coci

Wata uku ke nan da muka binne mahaifina, Baba Habila, amma har yau in an tuna wannan labari, sai makoki ya koma dariya.

Ɗaki ɗaya gare mu a ƙauye, Litinin zuwa Juma'a aji ne, Lahadi kuma coci. Baba ke riƙe da makulli. Da gwamnati ta karɓi makarantun mishan, sai ga wani jami'in ilimi a kan babur.

Ya ce, "Tsoho, kafin Litinin ku kwashe cocinku daga makarantarmu. Kada in tarar da ko tsinkenku."

Baba ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, kowa ya ɗauki nasa ke nan?"

"Ashe kana da fahimta."

"Kwanon rufin nan na wa ne?"

"Na gwamnati! Mu muka aiko da shi bara."

"Madalla. Bangon kuwa mu muka gina. Matan zumuntar coci suka ɗebo ruwa, mu muka taka ƙasa da ƙafafunmu."

"To, sai me?"

Baba ya miƙe, ya ƙwala wa matasa kira su zo da diga. Sannan ya juyo cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, ɗan riƙe mana rufinku, mu zare bangonmu. Ba za mu daɗe ba."

Jami'in ya ɗaga kai ya dubi kwano, ya dubi digogi, ya share gumi.

Ya ce, "Baba, ranar Lahadin ƙarfe nawa kuke tashi daga coci?"