Cinyar Ragon da Kura ta Kai wa Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Dabbobi suka naɗa Bushiya shugabar hukumar ɗa'a, mai binciken masu muƙami a ƙaramar hukumarsu. Sai Akuya ta kawo ƙarar Kura, kansilar kasuwa, wai ta ƙwace rumfarta ta ba ƙanenta.

Da safe Kura ta zo da cinyar rago. "Ranki ya daɗe, gaisuwa ce kawai."

Bushiya ta karɓa, ta ja cinyar har gaban taron sauraron ƙara, ta ajiye.

Kura ta ce, "Haba, mayar da kyauta ai cin fuska ne."

Bushiya ta ce, "Ban mayar ba, shaida ce. Jiya ƙararki ɗaya, yau biyu. Zauna."

Ƙurunƙus kan kusu, Akuya ta koma rumfarta.